Shahon Tagar Abla Widad

"Ke Abla! Abla Widad! Fito ki ga aikin ɗanki!"

Mu'allim Ashur mahauci ne ke wannan ihun daga saman hasumiyarsa ta katako, riƙe da doguwar gorar da yake ɗaura wa tuta yana kaɗa wa tattabarunsa. La'asar ta yi sanyi, garken ya gama kewaya sararin unguwar Darbul Ahmar ta Alƙahira ya sauko, Mu'allim ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, bai ga baƙar tattabarar nan mai farar wutsiya ba.

Abla Widad ba ta fito ba, don dama ba ta shiga ba. Tana bakin tagar kicin ɗinta a hawa na ƙarshe, inda take zama kullum war haka, madubin hangen nesa rataye a wuya, shayi ya huce a gefe. Tagar tana kallon rufin gidan Mu'allim, tsakaninsu ɗan lungu ne da kyanwa ke tsallakewa ba tare da ta tsaya shawara ba. A wajen tagar akwai tsohon akwatin katako da mahaifiyarta ke shuka na'ana'a a ciki. Na'ana'ar ta bi mai ita tuntuni. A busasshiyar ƙasar akwatin nan wani ɗan shaho da matarsa suka yi ƙwai bana, suka ƙyanƙyashe 'ya'ya huɗu masu kama da audugar da aka tsamo daga kwata.

"Ɗana ya ci ƙadangare da ɓera yau, ya ƙoshi," ta ce. "Nemi ɓarawonka a wani wurin."

"Jama'a kun ji ta ko? Shaho mai tsoron Allah! Gobe ma cewa za ta yi yana bin jam'i."

"Da yana bi, da ya riga ka zuwa sahu."

Dariya ta tashi daga rufin gidaje biyu ko uku, na masu shanya da na masu tattabaru. Mu'allim ya tofar da yawu ƙasa, ya nuna akwatin da bakin gorarsa. Gorar tana kaiwa. Duk wanda ke kallo ya ga tana kaiwa, har da rara.

Widad Abdul Malak ta karanta ilmin dabbobi a jami'a lokacin da 'yan matan ajinta ba su cika benci ɗaya ba. Burinta hamada. Ta so ta kwana a tanti, ta bi sawun dila da yanyawa, ta ga tsuntsayen da ke ƙetare teku sau biyu a shekara. Da aka zo rubuta sunayen masu fita daji, shugaban sashe ya dube ta ya ce ai ba su da tantin mata. Mahaifiyarta ta yi hamdala a fili. Sai aka ba ta aiki a ƙarƙashin ginin wani gidan adana kayan tarihi, cikin ɗakin da ake ajiye fatun tsuntsaye. Nan ta ƙare ƙuruciyarta tana jan durowa tana rufewa, tana kakkaɓe ƙura daga gawarwakin da Turawa suka harbo tun kafin a haifi kakarta, an cusa musu auduga a ciki, an ɗaura musu takarda a ƙafa. Warin kafur ya kama gashinta har masu zuwa neman aure suka riƙa tambaya ko akwai mara lafiya a gidan. Ba ta yi auren ba. Ba ta kuma taɓa cewa kafur ne ya hana ba.

Da aka hana ta daji, sai ta ɗauki Alƙahira ta mai da ita dajinta. Ta san bishiyar da balbelu ke kwana a kai su wayi gari sun shafe motocin mutane da farin kashi. Ta san masallacin da tsattsewa ke shiga ramukan bangonsa, da watan da suke zuwa. Ta san shirwa ta ƙare a garin nan, ita da a da ke sure nama daga hannun yara, kuma ba wanda ya yi mata ta'aziyya. Idan tana tafiya kasuwa sai ta tsaya cak a tsakiyar titi don ta ji kukan alhudahuda, masu babur suna zaginta, ita kuwa ko a jikinta. Matan unguwa suna cewa madubin nan nata ba tsuntsu yake kallo ba, ɗakunan mutane yake leƙe. Takan ce ƙarya ne. Amma wanda ke kallon sama daga hawa na ƙarshe, dole idonsa ya bi ta kan rufin mutane kafin ya kai, kuma Abla Widad ba ta taɓa runtse ido a hanya ba. Ta san mai shan taba a ɓoye, ta san wadda ke hawa sama ta yi kuka ta wanke fuska ta sauka. Ba ta faɗa wa kowa. Sanin ne ke mata daɗi, da yadda mutane ke gyara tsayuwa idan gilashin ya juyo wajensu.

Saboda haka ta san inda baƙa mai farar wutsiya take. Ta san inda waɗanda suka ɓace kafin ita ma suke.

Masu tattabaru suna da dokarsu wadda ta girmi kowane ɗan sanda a unguwar. Da la'asar kowa ya saki garkensa, garke ya shiga garke a sama, kowa ya yi fito ya kaɗa tuta ya kira nasa. Wanda tsuntsayensa suka fi horo, sukan janyo baƙuwa su sauko da ita. Tsuntsun da ya sauka a kan rufinka, naka ne. In kuna gaba da mai shi, ya tafi kenan. In kuna sulhu, sai ya tako ya zo ya ce tsuntsuwarsa tana wurinka, ka ba shi shayi, ka ba shi abinsa, ya sauka da kai a ƙasa, unguwa kuma ta san wanda ya fi. Ashur ya shekara arba'in mutane suna hawa benensa. Shi bai taɓa hawa na kowa ba.

Can ƙarshen titi kuwa, bayan tankunan ruwa, akwai wata sabuwar hasumiya mai koren fenti. Ta Ra'afat ce, mai gyaran firji, babban ɗan Mu'allim Ashur.

Washegari Abla Widad ta sa baƙar rigarta ta fita, ta ɗauki gwangwanin alewa, ta nufi gidan shayin da masu tattabaru ke zama. Mace ba ta shiga wurin. Ta shiga, ta ture dara gefe, ta juye gwangwanin a kan tebur. Wasu 'yan dunƙule ne masu launin toka suka gangaro, kamar ƙwallon dabino.

"A'uzu billahi! Kashi kika kawo mana, Abla?"

"Amai ne. Abin da shaho bai iya narkarwa ba, yakan dunƙule shi ya mayar ta baki. Duk abin da ya ci yana nan, ba ya ɓoyewa kamar wasu." Ta fasa ɗaya da ƙumba. "Ga muƙamuƙin ɓera. Ga ƙafar fara. Ga ɓawon buzuzu. Mutanen ƙauye shahon fara suke ce masa. Mu'allim, tattabararka ta fi shi nauyi. In ya ɗauke ta, to ni ma zan iya saɓa bijimin da ka yanka jiya in hau bene da shi."

"Ke kam za ki iya," wani ya ce, aka bushe da dariya.

Mu'allim Ashur bai kalli teburin ba. Ya zuƙi shisharsa, ya fesar da hayaƙi sama, yana kallon fankar rufi. Wannan ne ya tsaya mata a rai. Mahauci ne, ya san ƙashi fiye da kowa a wurin. Da ya duba sau ɗaya, da magana ta ƙare. Ƙin dubawa ya yi.

Ta juya wajen Ammu Sidhum, tsohon da ake kai wa ƙara idan rigimar tsuntsu ta taso, wanda idonsa ɗaya ya yi fari, kunnensa ɗaya kuma ya daina ji.

"Ammu, dokarku me ta ce? Tsuntsun da ya sauka a wurin mutum, na wa ne?"

"Na mai wurin ne, 'yata."

"To a tagata suka sauka. Ban kira su ba, ban kaɗa musu tuta ba. Nawa ne."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Wallahi ta kama mu, Ashur."

"Dokar tattabara ce, ba ta ɓarayi ba," in ji Mu'allim. Sai a lokacin ya dube ta. "Abla, albarkacin mahaifiyarki, Allah ya jiƙan rai, na ba ki zuwa Juma'a. Ki kwashe su ki kai gidan gawarwakinku, ki cusa musu auduga, ai kin iya. In ba haka ba, gorata za ta sauko da akwatin."

Ta tattara dunƙulenta ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, ta rufe gwangwanin, ta ɗauki kofin shayinsa da bai taɓa ba, ta shanye a tsaye, ta fita.

Ba za a iya kwashe su ba. Ta san wannan tun kafin ya rufe baki. Gashin fukafukansu bai fito ba, kuma in aka matsar da akwatin daga inda iyayen suka san shi, babu tabbas za su bi. Ta hau bene tana hutawa a kowane hawa, tana jin abin da ba ta so ta kira da sunansa. Duk tsuntsun da ta taɓa riƙewa a rayuwarta, matacce ne. Waɗannan su ne na farko da suka duba duk tagogin birnin nan suka zaɓi tata. Ta san shaho ba ya zaɓen mutum, inuwa ya gani da tsayi da ƙasa mai laushi. Da ɗalibi ne ya faɗa mata akasin haka, da ta kore shi. Amma da safe, idan uwar ta juyo ta dube ta ta cikin gilashi ba ta tashi ba, Abla Widad takan yi kamar minti ɗaya ba ta numfashi sosai.

Ana jibi Juma'a ta sayi tukunyar gas, tana tsaye a ƙasan bene tana neman mai hau mata da ita, sai ga Ra'afat. Nan take ya saɓa ta a kafaɗa. Ƙato ne kamar ubansa, har furfura ta fara masa a gemu, amma a gabanta sai ya riƙa sunkuyar da kai kamar lokacin da yake zuwa karɓar ƙwallonsa da ta faɗo barandarta.

"Baƙar tana cin abinci kuwa?" ta tambaye shi a hawa na biyu.

Ya tsaya. Ya gyara tukunyar. Ya ci gaba da hawa.

"Tana ci, Abla. Ta fi nawa ci."

"Mayar masa."

"Ya zo ya karɓa."

"Ubanka ne, kai ja'iri."

"Shi ya sa." Ya sauke tukunyar a bakin ƙofarta, yana haki. "Tun ina ɗan yaro nake share masa kashin tsuntsaye. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke hawa da buhun masara. Ko sau ɗaya bai taɓa miƙo mini gorar nan ya ce kaɗa ba. Ranar da na gina tawa, cewa ya yi a gidan shayi wai na gina wa kaji akurki. To ga kajin. Ban sayar da ko ɗaya ba, ban fige musu gashi ba. Ya hau benena ya ce, Ra'afat, tsuntsuwata tana wurinka. Shi ke nan. Wallahi in sumbaci hannunsa in ɗauko masa su da kaina."

"'Ya'yan shahona kuma fa?"

Ya sosa ƙeya. "Ai tsuntsayen daji ne, Abla. Wasu za su zo."

Ta ba shi kuɗin dako don ta ɓata masa rai, ya ƙi karɓa, ta cusa masa a aljihu ta rufe ƙofa.

Ranar Juma'a bayan la'asar rufin gidaje ya cika kamar za a ga wata. Mata sun fito kwashe shanyar da ba ta bushe ba. Ammu Sidhum an hau da shi kan kujera. Can nesa, a kan koriyar hasumiya, mutum ɗaya na tsaye bai saki tsuntsu ko ɗaya ba.

Mu'allim Ashur ya sauko daga hasumiyarsa, ya zo bakin katangar rufin, ya kwance tutar daga gora ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya miƙo gorar ta ƙetare lungun. Uwar shahon ta tashi tana ƙara, ta hau kan eriya. Bakin gorar ya taɓa akwatin, tsohon katakon ya yi ƙara.

Abla Widad ta buɗe tagar gaba ɗaya, abin da ba ta yi ba tun da aka yi ƙwan. Ta zuro jikinta waje har ƙugu, hawa shida a ƙarƙashinta, ta kifa hannunta a kan akwatin. 'Ya'yan suka kwanta rigingine suna hura mata iska.

"Janye hannunki, Abla."

"Tura. In ya faɗi tare za mu tafi, sai ka yi wa hukuma bayanin tattabara."

"Ke tsohuwar nan ba ki da hankali."

"Yau ka sani?" Sai ta sassauta murya yadda iska ba za ta kai wa kowa ba sai shi. "Ashur, na ga inda baƙar ta sauka. Da ja mai wuyan zinariya, da sauran. Ina da murya, ka sani. In na faɗa daga nan, har Ammu Sidhum zai ji, shi da kunnensa ɗaya."

Ta daɗe tana ajiye wannan maganar, tana juya ta a baki kamar alewa, tana hango yadda fuskarsa za ta yi. Fuskar ba ta yi komai ba. Ya dai ƙara matsowa har cikinsa ya dannu da katanga.

"Kina tsammanin makaho ne ni?" Shi ma ƙasa-ƙasa ya yi maganar. "Ni na koya masa fiton da yake kiran su da shi. Daga bakina ya ɗauka, yana share ƙasa yana saurare. Ina jin sa kullum."

"To don me..."

"In ce me? In zauna a gidan shayi in ce yaron da na yi wa tsarki ya fi ni? In hau benensa ina haki, matarsa tana leƙe ta labule?" Ya gyara riƙon gorar. "Bar mini shahon, Widad. Shaho kowa na iya yi wa ɓarna, ba abin kunya ba ne. Tsuntsu ne kawai. Bar mini shi."

Tun suna yara bai ƙara kiran sunanta haka ba, ba tare da sakayar Abla ba. Ta ji tausayi ya taso mata, ta danne shi, don ta san in ta bar shi ya hau, hannunta zai saki. Ta dubi tsohon, ta dube shi irin duban da take yi wa dabbar da take son gane abin da za ta yi nan gaba.

"To, ka ture akwatin," ta ce. "Iyayen su bar unguwar. Jibi ka saki garke, wata ta sake bin fiton can. Wa za ka ce ya ci?"

Ya waiga ya dubi mutanen da suka cika rufin gidaje.

"Hankaka? Ko aljani? Duk rufin nan sun zo ganin ka kashe ɓarawo. In ɓarawo ya mutu sata ba ta tsaya ba, kowa zai juya ya kalli ƙarshen titi, ba sai na buɗe baki ba. Kai ka fi ni bukatar tsuntsun nan da rai."

Ƙasa a lungu mai sayar da burodi ya wuce a keke da faranti a ka, yana kiran a ba shi hanya.

"To ki daina yawo da gwangwanin nan," in ji Mu'allim.

"Ba zan daina ba. Duk wanda ya tambaye ni, zan ce masa shahon fara ba ya cin tattabara, don ba ya ci. Ba zan yi wa tsuntsu ƙazafi saboda gemunka ba. Wanda ya ci kuwa, ba a tambaye ni ba. Ka zage shi safe da yamma in kana so, ba ya jin Larabci. Amma gorar nan kada ta sake ƙetare lungun nan."

Mu'allim ya ja numfashi. Ya janye gorar a hankali, hannu bayan hannu. Da ta gama dawowa sai ya buga gindinta a ƙasa, ya ɗaga murya yadda za a ji har masallaci.

"Don ke mace ce! Wallahi don ke mace ce, kuma maƙwabciya! Ki riƙe ɓarayinki, Allah ya isa tsakanina da su!"

"Je ka kaɗa tsummanka, tsoho!" ta mayar masa da iyakar ƙarfinta. "Ka bar masu farautar gaske su yi aikinsu!"

Aka yi sowa, wasu na tafi, wasu na cewa Mu'allim ya yi dattako. Ya juya ya hau tsaninsa, ba tare da ya kalli ƙarshen titi ba.

Sai da rufin ya fara watsewa ta janyo jikinta ciki. Bayanta ya riƙe. Ta duba hannun da ta kifa a kan akwatin, ta ga jini yana bin yatsunta har gwiwar hannu. Ashe duk tsawon maganar nan 'ya'yan suna kwance suna yagar ta da farata, babbansu har ya cire mata 'yar fata a tafin hannu. Ta ja tagar a hankali ta rufe don uwar ta samu ta sauko. Ta tara hannun a bakin famfo, tana duban ramukan da aka huda mata, huɗu a jere, masu zurfi, ta ga lallai ƙafafun nan sun yi ƙwarin da za su riƙe ɓera.

"Madalla, 'yan banza," ta ce.